Kyautar doki ga cibiyar jinyar masu larura: me yasa ake mayar wa mutane da dawakansu?

A Amurka da Ingila akwai wasu cibiyoyi da aikinsu shine ɗora masu larura a kan doki a matsayin jinya. Yara masu shanyewar gaɓɓai tun daga haihuwa, masu otizim (larurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane), manya da ɓarin jikinsu ya shanye, har da tsoffin sojoji da suka dawo daga Iraƙi da Afganistan da firgici a zuciya. Yawancin cibiyoyin nan ba na gwamnati bane, ƙungiyoyin agaji ne masu rayuwa da abin da jama'a suka basu, kuma da yawa daga cikin dawakan da ke bargarsu ba saya suka yi ba, kyauta aka basu ko aro. To a nan ne abin yake ɗaure wa mutane kai. Mutum ya ɗauko dokinsa da ya shekara goma sha yana hawa, lafiyayye a ganinsa, mai hankali, ya ce na baku, bana son ko sisi, sai cibiya ta ce mun gode amma a'a. Ko kuma su karɓa, su riƙe shi wata biyu, sannan a bugo masa waya a ce zo ka ɗauki abinka. Mutane na jin haushin wannan sosai, wani har ya ce yaushe mai neman taimako ya zama mai zaɓe?

Ni dai a ganina cibiyar ce da gaskiya. Matsalar ita ce mai bayarwa yana ɗauka hutu ya kai dokinsa, ritaya ce, zai je yara su riƙa shafa shi yana tafiya a hankali, alhali kuwa aiki ya kai shi, kuma aiki mai cin rai wanda dawakai ƙalilan ne ke iya jure shi.

Ita jinya da doki ta samo ƙarfi ne daga wata mata 'yar ƙasar Danmak, Lis Hartel. Mahayiya ce ta gaske tun tana budurwa, sai a 1944 tana da shekara 23 kuma ga juna biyu, cutar shan inna ta kama ta. Ƙafafunta daga gwiwa zuwa ƙasa basu sake aiki ba har ta bar duniya a 2009, hannayenta ma sun taɓu. Likitoci basu goyi bayan ta koma kan doki ba amma ta koma, a hankali a hankali, har ta kai a 1952 a gasar Olamfik ta Helsinki ta ci azurfa a wasan sarrafa doki, a kan goɗiyarta Jubilee, kuma a shekarar ne aka fara barin mata su kara da maza a wannan wasa. Matar da sai an ɗora ta an sauke ta. Wanda ya ci zinare, Henri Saint Cyr na Suwidin, shi ya taimaka mata daga kan doki zuwa wurin karɓar lambar. Ta sake cin azurfa a 1956 a Stockholm. Daga nan masu gashin ƙashi a Turai suka fara kallon doki da wani ido daban, a Jamus da Ostiriya da Suwizalan aka mayar da shi kayan aikin jinya sosai a shekarun 1960. A 1969 aka kafa RDA, ƙungiyar hawan doki ta masu larura, a Birtaniya, wadda Gimbiya Anne take shugabanta tun 1985, a 1969 ɗin dai aka kafa takwararta NARHA a Amurka, wadda ta sauya suna zuwa PATH International a 2011, ita ce mai ba malaman hawa shaida da tantance cibiyoyi. Mu da muka san yawan waɗanda shan inna ya bari a kan keke a garuruwanmu kafin a ayyana Najeriya ta rabu da cutar a 2020, labarin matar nan ba zai zame mana baƙo ba.

To menene doki yake yi wa jikin mutum? Wannan shine ginshiƙin komai, in ka gane shi zaka gane dalilin zaɓen. Idan doki yana tafiya, tafiya kawai ba sassarfa ko sukuwa ba, ƙugunsa yana motsi ta fuska uku a lokaci guda: gaba da baya, hagu da dama, da kuma ɗan juyi. Wanda ke zaune a bayansa ƙugunsa yana bin wannan motsin, kuma motsin ya yi kama sosai da yadda ƙugun mutum ke yi in yana tafiya da ƙafarsa. Kaga yaron da bai taɓa takawa ba, jikinsa yana samun darasin tafiya ba tare da ya taka ƙasa ba. Duk taku ɗaya sai ya ɗan karkace ya gyara zama, tsokar baya da ta ciki da ta wuya suna aiki ba tare da an ce masa yi kaza ba, kuma doki na yin taku wajen ɗari a minti guda, a zaman minti talatin an yi dubbai kenan. Babu injin da ke ɗakin gashi da yaro zai yarda ya maimaita abu sau dubbai a kai yana dariya. Sannan jikin doki ya ɗan fi na mutum ɗumi, wajen digiri 38, shi yasa a wasu lokutan ba a sa sirdi sai ɗan shimfiɗa mai laushi, ɗumin ya taimaka wa ƙafafun da suka sandare su saki.

Abin iri biyu ne fa kuma mutane na cakuɗa su. Akwai wanda ƙwararren ma'aikacin lafiya ne ke yi, mai gashin ƙashi ko mai koyar da magana, shi doki kayan aiki ne kawai a hannunsa, mara lafiya baya riƙe linzami ma, wani lokaci a zaunar da shi yana kallon baya ko a kwantar da shi a gicciye. Shi ake kira hipoterapi. Akwai kuma wanda malamin hawa ne ke koyar da mai larura hawan doki daidai da ƙarfinsa. Cibiya ɗaya tana iya yin duka biyun, amma dokin da ya dace da wannan ba lallai ya dace da wancan ba.

Yanzu duba abin ta idon doki. Doki dabba ce da Allah ya halitta ta a matsayin abin farauta, duk hankalinsa a kan gudu yake in ya ga abin da bai gane ba. Idanunsa a gefe suke, yana ganin kusan ko'ina a kewayensa in banda daidai gaban hancinsa da daidai bayansa, kuma ya tsani a matse shi. To a cibiya abu na farko da ake masa shine a matse shi. Ana jan sa a shigar da shi wani ɗan lungu, gefe guda dandamali ne mai gangara inda ake turo keken guragu har ya zo daidai tsayin bayansa, ɗaya gefen kuma wani ɗan tudu da mutum ke tsaye. Mai ja yana gabansa riƙe da ragama. Sai mutum biyu su ɗago yaro daga keke, ƙafafunsa a sandare sun ƙi buɗewa, a ɗora shi a gicciye tukuna sannan a bi a hankali a tsallakar da ƙafa ɗaya ta kan wuyan dokin, dunduniyar takalmi tana gogar gashin wuyansa, yaron kuma don murna ya ƙwalla ihu daidai kunnensa ko ya damƙi geza ya ja. Wannan na iya ɗaukar minti biyar ko fiye. A duk tsawon lokacin ba a so dokin ya ɗaga ko kofato ɗaya, don in ya matsa taku ɗaya gefe yaro ya faɗa tsakanin doki da dandamali. A wasu cibiyoyin ma da injin ɗagawa ake sauko da babban mutum daga sama, yana lilo a cikin majanyi a saman bayan dokin, wato daidai inda zaki ke dirowa.

An hau, an fita fili. Mutum ɗaya a gaba, biyu a gefe hagu da dama kowanne ya ɗora hannu a cinyar mahayi, sun manne da haƙarƙarin dokin, wani ma in ya gaji sai ya jingina gwiwar hannunsa a kwiɓin dokin bai sani ba. Su 'yan sa kai ne, na yau daban na gobe daban, wani bai taɓa riƙe doki ba sai watan jiya, wannan yana jan ragama da ƙarfi wancan yana sake ta. Mahayin kuma ya karkata gefe guda duk nauyinsa a ɓangare ɗaya, yana dukan ciki da ƙafa ba da niyya ba, abin da a horon da dokin ya samu tun yana duƙushi yake nufin yi gaba, amma mai ja yana cewa tsaya. Ana jefa ƙwallo ta saman kansa, ana rataya zobban roba a kunnensa, ana kaɗa ƙararrawa. Sai a sauke wannan a ɗora wani. PATH ta sa ƙa'ida kada doki ya wuce awa uku a jere yana aiki, kuma kada ya wuce awa shida a yini, kaga in ba don aikin na da nauyi ba ai ba sai an kafa doka ba. Wanda ya kai tsohon dokinsa nan da sunan hutu kamar wanda ya ce baba ya gaji da noma ne, bari a hutar da shi a bashi rainon yara talatin.

Shi yasa sharuɗɗan suke da tsauri, kuma kusan iri ɗaya zaka gani a ko'ina. Shekaru yawanci daga 8 zuwa 18 ko kusa da haka, ƙarami bai natsu ba, wanda ya haura ashirin kuma shekarun aikin da suka rage masa kaɗan ne sai ɗawainiya. Tsayi ma da magana: su da tafin hannu suke awo, kowane tafi inci 4, ana son daga tafi 14 zuwa 16, wato wajen santimita 142 zuwa 163 a doron kafaɗa. Dalilin mai sauƙi ne, mai tafiya a gefe dole hannunsa ya kai cinyar mahayi na tsawon rabin awa, kuma in wani abu ya faru ya iya fizgo shi ƙasa, in doki ya cika tsawo ba zai yiwu ba. Amma kuma ana son mai faffaɗan baya da ƙarfi, domin ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada doki ya ɗauki abin da ya wuce kashi 20 cikin 100 na nauyinsa, har da sirdi, doki mai kilo 500 ya ɗauki 100 kenan, kuma mahayin da baya iya daidaita zamansa ya fi nauyinsa nauyi a bayan doki. Gajere kakkaura, shine zinare a wurinsu. Shi yasa zaka ga suna rububin irin Haflinger, da Fjord na ƙasar Nowe, da Quarter Horse na Amurka, a Ingila kuma irin kakkauran nan masu gashi a ƙafa.

Ingarma kuwa ba a ma maganarsa. Dandaƙaƙƙe ko goɗiya kawai. Wannan kaɗai ya isa ya fitar da kusan duk dawakan da muke gani a hawan sallah, don mu ingarma muke hawa kuma dokin da ke rawa yana tsalle yana haniniya shi muke yabo, duk abin da ke sa a tafa wa doki a gaban fada shine abin da zai sa a kore shi a can ranar farko.

Sai babbar magana, ɗingishi. A nan aka fi samun saɓani da masu bayarwa. Mutum zai ce ai ɗan ɗingishin kaɗan ne, baya iya tsalle ko tsere amma tafiya lafiya lau, kuma ai tafiya kawai kuke yi. To ka tuna abin da na faɗa a sama, tafiyar ita ce maganin. Dokin da ke taƙaita taku a ƙafa ɗaya saboda ciwon gaɓa, karkatacciyar tafiya yake aika wa ƙugun yaron da ake ƙoƙarin miƙar wa. Magani ne gurɓatacce. Bayan haka kuma doki mai ciwo baya da haƙuri, yau ya jure gobe ya jure, jibi ya kai cizo. Kuma ba tafiya kaɗai ake yi ba, wasu mahayan suna kaiwa ga sassarfa har da ɗan gudu, sannan ma'aikata suna hawansa su yi masa kilisa don bayansa ya yi ƙarfi. Don haka dokin da ke kan maganin ciwo kullum, ko mai matsalar numfashi, ko mai ciwon kofato da ke tashi lokaci lokaci, ko mai ido ɗaya a wasu wuraren, sai dai a yi haƙuri.

In doki ya tsallake waɗannan a takarda, sai su zo gida su gan shi. Su sa mai shi ya hau tukuna su gani, sannan nasu ya hau. A nemi takardun rigakafi, da sakamakon gwajin jini na Coggins, wanda ke nuna baya ɗauke da wata muguwar cutar jini ta dawakai da ƙudaje masu cizo ke yaɗawa kuma ba ta da magani, a Amurka da wuya ka tsallaka da doki daga jiha zuwa jiha babu wannan takarda. Sannan a tafi da shi gwaji na kwana 30 ko 60 ko 90. Makonnin farko a keɓe yake kada ya kawo wa sauran cuta. Daga nan a fara yi masa abubuwa da gangan, a buɗe lema a gabansa farat ɗaya, a turo keken guragu ta bayansa, a jefar da sandar guragu ta faɗi ƙasa da ƙara, ma'aikaci lafiyayye ya hau ya riƙa kwaikwayon mai larura, ya zame gefe, ya yi ihu, ya kwanta a wuyansa. Ba wai ana neman dokin da baya jin tsoro sam ba, babu shi. Ana duba me yake yi in ya tsorata: ya tsaya cak ya kalli abin ya huce, ko ya zabura? Kuma akwai wani nau'i da ƙwararru ke tsoro fiye da mai zabura, shine dokin da ya yi shiru ya daskare kamar baya nan, idonsa a mace. Mai shi zai ce kun gani ko, ko gezau. Alhali ya haɗiye abin ne kawai, ranar da zai fashe babu gargaɗi.

Akwai dawakan da ke cin gwaji su yi shekara ɗaya ko biyu lafiya sannan su fara sauyawa, su riƙa kwantar da kunne in an nufi dandamali, su kai wa mai ja ɗan cizo a hannu, su ƙi barin a kama su da safe. Ruwa baya tsami banza, ko baya ne ke ciwo ko kuma ran dokin ne ya gundura da hannaye barkatai. Cibiya mai hankali takan bashi hutu, in bai dawo daidai ba a sallame shi. Wannan ma wani abu ne da mai bayarwa ya kamata ya sa a lissafi, cewa dokin da ya bayar yana da shekara 14 zai iya gama aikin yana da 17, kuma doki na kai shekara 25 zuwa 30 a duniya. Sauran shekara goman fa, wa zai ci da shi?

Gaskiyar da ba a cika faɗa ba kenan. A ƙasashen nan sayen doki shine ɓangare mafi arha. Riƙe shi ne ke cin kuɗi, dubban daloli a shekara: ciyawa busasshiya, hatsi, mai gyaran kofato duk mako shida zuwa takwas, likitan haƙori duk shekara don haƙoran doki basa daina fitowa sai an goge tsininsu, rigakafi, maganin tsutsa, in kuma tsautsayi ya sa hanji ya murɗe ana maganar tiyata ta dubban daloli a dare ɗaya. Don haka in ka ba cibiya doki, ka ba ta kadara ne in zai yi aiki, in kuwa ba zai yi ba ka ɗora mata bashi ne mai cin abinci sau biyu a rana. Bana cewa masu bayarwa mugaye ne, yawancinsu suna son dabbar tsakani da Allah, yarinyar da ke hawa ta tafi jami'a, ko aiki ya ƙare, ko tsufa ya zo, suna neman inda zai samu kulawa ne kuma a ce ga lada. Amma niyya mai kyau ba ta biyan kuɗin harawa. Cibiyar da ta cika bargarta da dawakan da ta karɓa don kunya, yaran da ke layin jira su za su biya.

Sai batun haraji, wanda a Amurka yana daga cikin abin da ke tura mutane bayarwa maimakon sayarwa. In cibiyar tana da rajistar ƙungiyar agaji a ƙarƙashin sashe na 501(c)(3) na dokar harajin ƙasar, mai bayarwa na iya cire darajar dokin daga kuɗin shigar da za a yanka masa haraji a kai. Amma darajarsa ta kasuwa a ranar da aka bayar, ba kuɗin da aka saye shi shekara goma da suka wuce lokacin yana cin gasa ba. In ta wuce dala 500 sai an cike fom 8283 na hukumar harajin ƙasar, wato IRS, in ta wuce dala 5,000 kuma sai an kawo ƙwararren mai ƙiyasta daraja mai zaman kansa ya rubuta rahoto, cibiyar ba ita ke faɗin farashi ba, sa hannu kawai take yi cewa ta karɓa. Sannan in ta sayar da dokin ko ta rabu da shi kafin shekara uku, dole ta sanar da IRS ta fom 8282, kuma hakan na iya sa a zaftare abin da mutum ya cire. Wannan doka ta shekara uku tana da wani sakamako da ba a yi niyya ba, wani lokaci mai bayarwa shine ke matsa wa cibiya ta riƙe dokin da ya gaji da aikin don kada lissafin harajinsa ya rikice.

Inda abin ya fi ban tsoro shine ƙarshen hanya. Ranar da ka sa hannu ka miƙa mallaka, dokin ya zama dukiyar cibiya, a idon doka bashi da bambanci da tarakta. Cibiyoyi kuma suna rufewa, shugabanci na sauyawa, wadda ta yi maka alkawari da baki ta bar aiki. A Amurka mayankar dawakai ta ƙarshe an rufe su a 2007, biyu a Texas ɗaya a Illinois, amma hakan bai hana yanka ba, sai aka koma lodin su a tirela zuwa Meziko da Kanada, akwai shekarun da adadin ya haura 100,000 duk da dai yanzu ya ragu sosai. Hanyar kuwa ta kasuwar gwanjo ce, inda dillalan mayanka ke saye da kilo. Tsohon doki mai sanyin hali da aka bayar kyauta ga wani da ya ce zai riƙe shi a gona, hannu biyu ko uku kawai ke tsakaninsa da wannan tirela, kuma sanyin halin nasa ma shine ke sa ya hau mota ba gardama. Cibiyoyi nagari sun san haka, suna da tsarin ritaya a rubuce, suna bin diddigin inda dokinsu ya koma. Amma ba duka ba, kuma baka gane wacce ce wacce daga hotunan yara masu murmushi a Facebook.

Shi yasa da yawa yanzu suka fi son aro a kan kyauta, kuma ni ma shi nake ganin ya fi adalci ga kowa. Dokin na nan a sunanka, cibiya ta ci da shi ta yi masa ƙananan hidimomi muddin yana aiki, a rubuta wa ke biyan babban kuɗin asibiti, ranar da ya gaji ya dawo gida. Ka rasa rangwamen haraji na darajarsa, amma ka san inda zai kwana. Wanda kuma ba zai iya karɓarsa ba ko nan gaba, to gara ya faɗi gaskiya tun farko, kuma in da hali ya haɗa da wani abu na kuɗin abincinsa duk wata, cibiyoyi da yawa suna da tsarin ɗaukar nauyin doki ɗaya. Sau da yawa ma abin da cibiya ke nema ruwa a jallo ba doki bane, mutane ne, tunda mahayi ɗaya na iya buƙatar mutum uku a ƙasa, in ɗan sa kai ɗaya bai zo ba darasi ya rushe.

Wani zai ce to duk wannan wahalar, maganin ma yana aiki kuwa? A nan sai a yi hattara da masu kambama abu. Baya warkar da otizim, baya mayar da lakar da ta tsinke. Bincike da yawa a fannin ƙanana ne, yara ashirin ko talatin. Amma akwai masu ƙwari, kamar wanda Robin Gabriels ta jami'ar Colorado ta jagoranta aka wallafa a 2015, yara da matasa sama da 100 masu otizim 'yan shekara 6 zuwa 16, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi suka yi mako 10 suna hawa, rabi suna ayyukan barga ba tare da doki mai rai ba, waɗanda suka hau aka ga raguwar saurin fushi da rashin zama wuri ɗaya. A ɓangaren masu shanyewar gaɓɓai kuma abin da aka fi gani shine gyaruwar zama da daidaito. Kuma ba kowa ake ɗorawa ba, mai farfaɗiyar da ba a shawo kanta ba, ko yaro mai larurar Down da aka gano ƙasusuwan saman wuyansa basu da ƙarfi, ba a yarda su hau, sai da takardar likita ake karɓar kowa, hular kwano kuma dole.

Wanda ya yanke shawarar bayarwa dai, kafin ya sa hannu ya je ba tare da sanarwa mai tsawo ba ya ga bargar da idonsa, ya duba haƙarƙarin dawakan da ke wurin da kofatansu, ya ga ko ana sakin su a fili su yi kiwo tare ko a ɗaki suke wuni, ya tambayi ina dawakai uku na ƙarshe da suka yi ritaya suke yanzu, in aka fara kame-kame ya samu amsarsa. A takardar yarjejeniya a rubuta cewa in cibiya za ta rabu da dokin, shi za a fara tuntuɓa, a sa adadin kwanakin da zai amsa, kuma ya riƙa sabunta lambar wayarsa a wurinsu don wannan sharaɗin bashi da amfani in an neme ka an rasa. A rubuta cewa ba za a kai shi gwanjo ba. A rubuta wa ke ɗaukar asara in ya ji ciwo ko ya mutu a lokacin gwaji, da wa zai biya kuɗin motar dawo da shi. Sannan a rubuta wa ke da ikon yanke hukunci in likitan dabbobi ya ce babu sauran magani sai allurar ƙarshe, da ko za a kira tsohon mai shi kafin a yi ko bayan an yi.